Yadda zaka zaɓi yawon buɗe ido mai jagora wanda babu turmutsutsu kuma ka ci abinci mai kyau

Mutane da yawa idan zasu biya kuɗin yawon buɗe ido irin wanda kamfani ke haɗa maka da jagora da mota da abinci, abu biyu kawai suke dubawa, hotuna da farashi. Ni kuma a ganina tambayar farko da ya kamata ka yi ita ce mu nawa ne za mu tafi, saboda amsar wannan tambayar ita ce zata gaya maka irin abincin da zaka ci tun kafin ka ga takardar abincin. Cunkoso da abinci mara daɗi tushensu ɗaya ne wallahi. Babbar bas tana ɗaukar mutum wajen hamsin, to ka tambayi kanka wane gidan abinci ne zai iya karɓar mutum hamsin a lokaci ɗaya, ya ciyar da su cikin minti arba'in, kuma yana da filin da ƙatuwar mota zata faka? Ba ƙaramin wurin nan mai tebur shida da mutanen gari ke layi a kansa bane, shi ko ya so bazai iya ba. Sai manyan zauruka na bakin titi waɗanda dama don basa-basan aka gina su.

Kuma duk wanda ya taɓa shiga irin wurin ya san yadda yake. Dogon tebur ne an jera manyan farantan ƙarfe masu murfi, a ƙarƙashin kowanne akwai ɗan gwangwani yana ci da wuta kaɗan kaɗan, ka ɗaga murfi ka ga shinkafa ta bushe ta gefe ta yi ƙanzo, kaza ta yi laushi har ta saki ƙashi don daɗewa a kan wuta, miyar kuma an cire mata yaji da duk wani ɗanɗano mai ƙarfi don kar wani cikin mutum hamsin ya yi ƙorafi. Can gefe akwai wani tebur daban inda direba da jagora suke cin nasu kyauta, sau da yawa ma nasu ya fi naku kyau. Kana cikin ci wata motar ta iso, a fara share tebur kana kai. Ba wai masu wurin mugaye bane, lissafinsu ne haka, sun san ba zaka sake dawowa ba ko abincin ya yi daɗi ko bai yi ba, wanda zai dawo gobe shi ne kamfanin, don haka kamfanin suke farantawa ta hanyar rage farashi da bada kamasho.

To tunda haka ne mu fara da lamba.

Kusan kowane kamfani yanzu yana rubuta cewa nasa ƙaramin rukuni ne, amma babu wata doka da ta ce ga adadin da ake kira ƙarami, wani yana nufin mutum 8, wani 16, wani ma 28 kuma ko a jikinsa. Kar ka tsaya a kan kalmar, nemi inda aka rubuta iyakar adadi da lamba, idan babu ka tura saƙo ka tambaya. Kuma ka lura da bambancin a ce maka "yawanci mutum goma muke yi" da a ce "ba ma wuce goma sha biyu", na farkon ba alkawari bane, ranar da kasuwa ta buɗe zaka tsinci kanka cikin ashirin da biyar. Idan yawon na cin abinci ne a kasuwa ko cikin lunguna, ni dai ba na son ya wuce mutum takwas zuwa goma, domin mai soya abu a ɗan kasko ɗaya idan zai sallami mutum ashirin kafin na ƙarshe ya karɓa na farko ya gama har ya gaji da tsayuwa, ko kuma a soya tun kafin ku iso a ajiye ya huce. Idan na kallon gine-ginen tarihi ne da ƙafa, 12 zuwa 15 babu laifi. Ya wuce haka sai a raba muku abin saƙalawa a kunne, jagora yana can gaba da 'yar tuta yana magana a makirfo, kai kana baya kana jin bayanin wani gunki da ko hango shi baka yi ba tukuna.

Garuruwan da abin ya dama ma da kansu sun fara yanke lamba. A Benis ta Italiya tun 1 ga Agusta 2024 aka hana rukunin da ya wuce mutum 25, aka kuma hana jagorori amfani da lasifika. A tsakiyar Amstadam ta Holan iyaka mutum 15 ne. A kasuwar Boqueria ta Basalona a Sifaniya tun 2015 aka taƙaita shigar rukunin da ya wuce 15 a lokutan da kasuwar ta fi cika, saboda masu sayen cefane na gaskiya sun rasa hanyar wucewa. A tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado jagora ɗaya ba ya jan fiye da mutum 16. Masu zuwa ganin gwaggon biri a dazukan Ruwanda da Uganda kuwa mutum 8 kacal ake bari su je wajen iyali ɗaya a rana, kuma awa ɗaya zasu yi su juyo. Amfanin sanin wannan shi ne idan kamfani yana maka alfahari da cewa rukuninsa a Benis bai wuce 25 ba, ka san ba wata alfarma ya yi maka ba, doka ce ta tilasta shi, iyakar abin da aka yarda ya kwasa kenan ya kwasa.

Akwai wata dabara da ya kamata ka tambaya a kai kai tsaye, wato haɗe rukuni. Za a zo a ɗauke ka a otal da ƙaramar mota ku shida ka ji daɗi, sai a kai ku wani fili a juye ku cikin babbar bas tare da mutanen wasu kamfanoni huɗu. Wannan yana yawan faruwa ne saboda shafukan da muke saye a kai, irin su Viator da GetYourGuide da Klook, ba su ne masu yawon ba, dillalai ne, kuma suna cire kasonsu wanda kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, sannan yawo guda ɗaya ana iya tallarsa da suna uku da hoto uku da farashi uku. Duba can ƙasa a shafin, akwai inda ake rubuta sunan kamfanin da zai gudanar da tafiyar, kwafi sunan ka neme shi daban. Idan yana da shafinsa da lambar waya da adireshi to ka samu wanda zaka yi magana da shi, wani lokacin ma ya fi sauƙi a wajensa. Idan sunan bai fito ko'ina ba, ko ka ga yana sayar da yawo a ƙasashe goma sha biyar lokaci ɗaya, to dillalin dillali ne, shi kansa bai san a motar wa zaka ƙare ba.

Sai dai ƙaramin rukuni kaɗai ba ya isa, domin ku shida ne amma idan aka kai ku wuri ƙarfe goma sha ɗaya na safe tare da mutum dubu goma ai duk ɗaya ne. Nan ne maganar lokaci ta shigo, kuma jagora na ƙwarai a nan ake gane shi. Manyan motoci kusan duk jadawali ɗaya suke bi, a karya a otal, a tashi takwas da rabi ko tara, a isa wurin wajen goma, a bar shi kafin uku. Saboda haka tsakanin goma na safe da uku na rana shi ne lokacin turmutsutsu a kusan ko'ina. Nemi yawon da yake shiga da buɗe ƙofa ko kuma awa biyun ƙarshe kafin a rufe. Taj Mahal a Indiya ana buɗe shi tun kafin fitowar rana kuma a rufe yake ranar Juma'a, wanda ya kwana a Agra, garin da ginin yake, ya shiga da asuba ya ga wani abu daban da wanda aka ɗauko daga Delhi ya iso da hantsi. Gidan tarihi na Louvre a Faris ba ya buɗewa ranar Talata, ranar Juma'a kuma yana kaiwa har dare, to wannan yammacin ya fi safiya sarari nesa ba kusa ba, duk da cewa sun yanke adadin masu shiga zuwa 30,000 a rana. Tsoffin gine-ginen Acropolis na Atina a Girka tun Satumba 2023 mutum 20,000 ne a rana kuma an raba su awa awa, kaga kenan tikitin da kamfani ya saya maka yana da lokaci a jiki, tambaye su na ƙarfe nawa ne. Gidajen tarihin Batikan kuma kyauta ne ranar Lahadin ƙarshen wata, kuma wannan ranar ce ya kamata mai gudun cunkoso ya gudu, layin sai ya zagaye katanga.

Amma fa ba ko'ina asuba take aiki ba. A Angkor Wat ta Kambodiya fitowar rana ita ce lokacin da kowa ke zuwa, za ka tarar da ɗaruruwan mutane a bakin ɗan tafkin nan kowa ya ɗaga waya sama cikin duhu. Can sai bayan an gama hoton an watse neman karin kumallo, ko tsakar rana da motoci suka koma garin Siem Reap da ke kusa cin abinci, wurin yake yin sauƙi, sai dai ka shirya wa zafi. Shi ya sa idan ka tambayi kamfani me ya sa suka zaɓi wannan lokacin, amsar da zasu baka tana da muhimmanci, wanda ya san aikinsa zai ce maka muna fara ta ƙofar kaza ne saboda kowa ta ɗaya ƙofar yake bi, wanda bai sani ba zai ce haka tsarinmu yake.

Idan garin na bakin teku ne da manyan jiragen ruwan shaƙatawa ke tsayawa, irin su Dubrovnik ta Kuroshiya ko Santorini ta Girka, akwai abu ɗaya mai sauƙi da mutane basa yi, jadawalin isowar jiragen a buɗe yake a intanet, kana iya ganin ranar da jirgi uku zasu tsaya da ranar da babu ko ɗaya. Jirgi ɗaya yana iya sauke mutum dubu uku ko huɗu a gari mai ƴan lunguna. Duba ka zaɓi ranarka, minti biyar zai ɗauke ka.

Haka ma kalanda. Yuli da Agusta a Turai an san su, amma ƙari a kan cunkoson akwai matsalar abinci, domin a Italiya musamman wajen 15 ga Agusta yawancin ƙananan gidajen abinci na iyali rufewa suke su tafi hutu, waɗanda suka rage a buɗe galibi na ƴan yawon buɗe ido ne. A Sin ka kauce wa 1 zuwa 7 ga Oktoba da lokacin sabuwar shekararsu, a Japan kuma ƙarshen Afrilu zuwa 5 ga Mayu, lokacin ƙasar gaba ɗaya take kan hanya. Watannin da ke gefe da gefen lokacin hada-hada sun fi, yanayi bai lalace ba, masu dafa abinci suna nan kuma basu gaji ba tukuna.

Wani lokacin kuma mafita ita ce a canza wurin gaba ɗaya. Pompeii, kufan wani tsohon gari a Italiya, ta shahara har sai da aka yanke mata mutum 20,000 a rana a Nuwamba 2024, amma Herculaneum tana nan kusa, dutse mai aman wuta ɗaya ne ya binne su a shekara ta 79 miladiyya, ta fi ƙanƙanta, gidajenta sun fi tsira har da benaye da katako, kuma mutane ba su kai ko kusa ba. Babbar ganuwar Sin, yawancin motoci ɓangaren Badaling suke zuwa, inda a 2019 aka sa iyakar mutum 65,000 a rana, ka ji fa, a rana. Mutianyu ta fi sauƙi, Jinshanling ta fi su duka shiru sai dai nisa da hawa. Kamfanin da ya rubuta maka ganuwar Sin kawai bai faɗi wane ɓangare ba, ka ɗauka Badaling ce. Wasu wuraren kuma doka ta riga ta rage maka mutane amma sai ka yi sammako wajen kama wuri, kamar tsohuwar hanyar Inca mai zuwa Machu Picchu a Peru, mutum 500 ake bari a rana har da jagorori da ƴan dako, a rufe take duk watan Fabrairu, kuma izinin yakan ƙare watanni kafin lokaci.

Yanzu abincin kansa, wanda shi ne inda aka fi yaudarar mutane saboda ba a cika tambaya ba. Idan ka ga an rubuta "har da abincin rana" kawai, ko "abincin gargajiya a wani gidan abinci na gari", wannan bai gaya maka komai ba. Tambayi sunan wurin. Kamfanin da yake alfahari da inda yake kai mutane zai faɗa maka nan take har da abin da za a ci, wasu kuma masu yawon ɗanɗane-ɗanɗane sukan ɓoye sunayen don kar a kwafe musu hanya, wannan ana iya fahimta, amma ko su ya kamata su gaya maka unguwar, tsayawa nawa za a yi, zama za a yi ko tsaye, kuma abin zai ƙosar ko lasa ce kawai. Idan ka samu sunan sai ka buɗe taswirar Google ka duba hotunan da mutane suka ɗora da kansu, ba na masu wurin ba. Ka ga dogayen tebura da farin ƙyalle da filin faka motoci, ka san sauran. Duba kuma da wane yare ake rubuta sharhin, idan wurin yana Turkiyya amma babu sharhi ko ɗaya da Turkanci, to mutanen garin ba sa cin abinci a nan. Sannan lokacin buɗewa, wurin da yake aiki daga sha ɗaya da rabi zuwa uku kawai kuma yana gefen babbar hanya ba kusa da gidajen mutane ba, motocin yawo yake jira.

Tambaya ta biyu, a gabanku ake dafawa ko an riga an dafa? Wannan ba maganar daɗi kaɗai bace, har da lafiyar cikinka. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 zuwa 60 na ma'aunin Salshiyos, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa biyu. Farantin da aka jera tun sha ɗaya yana ɗumi-ɗumi har biyu da rabi ya fi haɗari a kan abin da aka tsamo daga tafasasshen mai ko aka sauke daga garwashi kana kallo. Shi ya sa ni ban yarda da masu cewa abincin titi ne ke kawo ciwon ciki shi kuma na babban zaure lafiya lau ba. Ɗan rumfar da layi ba ya yankewa a gabanta, abincinta ba ya samun damar kwana. A Singafo har UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa al'adar rumfunan abincinsu cikin jerin kayan gadon duniya a 2020, kuma kowace rumfa hukuma na duba tsaftarta. Abin da zaka lura da shi a ko'ina shi ne ƙanƙara da ɗanyen ganye da ƴaƴan itacen da aka yanka aka ajiye, musamman inda ruwan famfo ba abin sha bane, da kuma ko mai karɓar kuɗi shi ne mai taɓa abinci da hannu ɗaya.

Lokacin cin abincin ma yana tona asiri. A Sifaniya mutanen gari sai wajen biyu na rana suke cin na rana, na dare kuma daga tara zuwa sama, to idan jadawali ya ce za ku ci abincin dare ƙarfe shida da rabi a Madrid ka san da baƙi ƴan uwanka kaɗai zaka zauna, kicin ɗin wuraren kirki ko kunna wuta basu yi ba. Yawon kasuwa kuma na safe ne, kifi da burodi da kayan lambu da safe suke da rai. Kuma a tabbatar bayanin kamfanin ba tsoho bane, misali babbar kasuwar kifi ta Tsukiji a Tokyo ta koma Toyosu tun Oktoba 2018, abin da ya rage a tsohon wurin shi ne kasuwar waje mai rumfunan abinci, tana da kyau amma duk wanda ya ce zai kai ka ganin gwanjon kifi a Tsukiji yau to ko shafinsa bai gyara ba.

Akwai zaɓin da nake ganin ya fi wa mutane da yawa, shi ne yawon da ba a haɗa abinci a ciki ba sam, a baku awa ɗaya da rabi kowa ya nemi nasa. Kuɗin ya ragu, kuma ka tsira daga babban zaure. Sai dai a nan ma ka yi hankali da inda aka sauke ku, idan an ajiye ku a wurin da gidan abinci ɗaya ne tal a tsawon kilomita biyar to an zaɓa maka ne ta bayan gida. In cikin gari ne, yi tafiyar minti goma daga babban dandali, ka wuce masu tsayawa a ƙofa suna kiranka da takardar abinci mai hotuna da yare shida, ka nemi wurin da jerin abincinsa gajere ne, wani lokacin ma da alli aka rubuta a allo saboda kullum canzawa yake. Kuma yadda zaka tambayi jagora yana da tasiri, in ka ce ina ne wuri mai kyau zai nuna maka inda yake da kamasho, ka ce masa kai ina zaka ci yau, ko ina kake kai iyalinka.

Mai abin da ba ya ci, ko don addini ko don lafiya, shi ne ya fi kowa buƙatar ƙaramin rukuni, domin a taron mutum hamsin babu mai lokacin shiga kicin ya tambayar maka. Kuma abubuwan a ɓoye suke zuwa. Kitsen alade yana shiga wake da tamale, wani abincin masara da ake naɗewa a ganye, a Meziko, yana shiga wasu burodi da fanke a Italiya da Sifaniya, romon taliyar ramen a Japan sau da yawa na ƙashin alade ne ko da naman da ke sama kaza ne, ana zuba giyar shinkafa a miya da kifi a can, ana zuba ruwan inabi mai sa maye a miyar nama a Faransa, a Tailan kuma ruwan kifi da niƙaƙƙen jatan lande da gyaɗa suna cikin kusan komai, wanda jikinsa baya ɗaukar su sai ya yi da gaske. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta wajabta wa masu abinci su bayyana abubuwa 14 da suka fi tayar wa mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da alkama da riɗi, kana da haƙƙin tambaya. Ka rubuta wa kamfani tun kafin ka biya, kuma kar ka karɓi "babu matsala" a matsayin amsa, ce musu su faɗa maka me za a baka a madadin a kowace tsayawa. In amsar ita ce salak a wuri biyar, ka san kuɗin kallon wasu suna ci zaka biya. Yana da kyau kuma ka sa a rubuta maka abin da ba ka ci da yaren ƙasar a ɗan kati ko a waya, ka nuna wa mai dafawa da kanka.

Sai maganar shaguna. Idan ka ga yawon yini guda da mota da jagora da abinci a farashin da ko kuɗin mai bai kai ba, ruwa ba ya tsami banza, za a fanshe a wani wuri. A jadawali zaka ga an rubuta ziyarar masana'antar kafet, ko cibiyar lu'ulu'u, ko gidan shayi, ko nunin yadda ake turare, duk shaguna ne, za a rufe ku a ciki minti arba'in ana baku shayi ana shimfiɗa kaya, kuma wannan lokacin daga na kallon abin da ka zo gani aka yanko shi. Haka shi ma yawon ƙafa da ake cewa kyauta ne, jagoran da tukwici yake rayuwa kuma a wurare da yawa shi ne ma yake biyan kamfani kuɗi a kan kowane mutum da ya zo, don haka yawan mutane shi ne ribarsa, zaka iya samun jagora mai ilimi sosai a ciki amma kar ka je neman sarari.

Wajen karanta sharhin mutane kuwa, bar masu tauraro biyar da masu tauraro ɗaya, na farko wasu a gaban jagora aka sa su rubuta, na biyu wasu ruwan sama ne ya ɓata musu rai. Masu tauraro uku su ne ke faɗin gaskiya dalla dalla. Jera su daga sabo zuwa tsoho, domin kamfani yana iya yin kyau shekara uku da suka wuce sannan ya girma ya lalace, ka bincika kalmomi irin su abinci, jira, layi, shago, mutum nawa. Hotunan da matafiya suka ɗora ma ka ƙirga kawunan da ke ciki. In sunan jagora ɗaya yana ta maimaituwa ana yabonsa, roƙi a haɗa ka da shi, ƙananan kamfanoni suna yi.

Saƙon da zaka tura ba sai ya yi tsawo ba, wani abu kamar haka ya isa: "Barka da aiki. Ina son shiga yawonku na ranar kaza. Don Allah mutum nawa ne iyakar da kuke ɗauka, kuma ana haɗa mu da wani rukuni a hanya? Ƙarfe nawa za mu shiga wurin? A ina za mu ci abinci kuma me za a ci? Akwai tsayawa a shago? Ba na cin abu kaza, me za a bani a madadinsa?" Yadda suka amsa ma jarrabawa ce, wanda ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya ya amsa da sunaye da lambobi, haka zai riƙe ka ranar tafiya. Wanda ya turo maka tallar da ke shafinsa ya sake liƙawa, wuce shi kawai. Ajiye amsar a wayarka, in ranar ta zo ka ga mutum talatin alhali an rubuta maka goma sha biyu, ita ce hujjarka ta neman a dawo maka da kuɗi, kuma ka ɗauki hoton motar da taron tun a wurin.

Gaskiya ne ƙaramin rukuni ya fi tsada, kuɗin jagora da mota a kan mutum takwas ake raba shi maimakon hamsin. Amma in ku huɗu ne ko biyar, iyali ko abokai, ku tambayi farashin ɗaukar jagora naku na kanku, sau da yawa jumla ake biya ba kan mutum ba, idan kuka raba sai ku ga bambancin kaɗan ne, kuma ku ne zaku ce ga lokacin tashi ga inda za a ci. A tabbatar dai yana da lasisi, a ƙasashe irin su Italiya da Girka da Turkiyya da Masar aikin jagora sai da izinin hukuma kuma suna da katin shaida. In aljihu bai kai ba, ba dole kowace rana ta zama da jagora ba, zaɓi guda ɗaya mai kyau, kuma in na abinci ne sa shi a ranar farko ko ta biyu da isowarka, saboda wuraren da aka nuna maka da sunayen abincin da ka koya su ne zaka yi ta amfani da su sauran kwanakin. Ka je da yunwa, ka riƙe ƴan canji na kuɗin ƙasar domin ƙananan rumfuna da yawa ba sa karɓar kati, sannan ka duba ƙa'idar fasawa kafin ka danna biya, yawancin manyan shafukan suna mayar da kuɗi in ka fasa awa 24 kafin lokaci, amma yawon da aka riga aka saya masa tikiti mai sunanka ko izinin hukuma galibi ba ya cikin wannan. Ƙananan kamfanoni kuma suna da mafi ƙarancin adadin da in bai cika ba sukan soke tafiyar, to ka tambaya yaushe zasu tabbatar maka, kuma ka bar rana ɗaya a sake cikin jadawalinka ko da za a ɗaga.